Fasa Tashin Jirgin Sama Bayan Ƙararrawa Ta Buga: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa zama a jirgin da ya ɗauki gudu a kan titi, sai kwatsam aka taka birki har bel ya matse masa ciki, ba ya saurin mantawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda fasinjoji da ɗaliban tuƙin jirgi suka fi yi a kan wannan lamari. Matuƙa suna auna gudu da "not", kuma not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Ke nan not 80 kusan kilomita 148 ne a awa, not 140 kuma kusan kilomita 260.

Mene ne fasa tashi, kuma yana yawan faruwa?

Shi ne matuƙi ya ba injina wuta, jirgi ya fara gudu a kan titi, sannan ya yanke shawarar tsayawa kafin tayoyi su bar ƙasa. A wani nazari da hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar tare da masu ƙera jirage a farkon shekarun 1990, an ƙiyasta cewa a cikin tashi kusan 3,000 ana fasa ɗaya. Kashi 76 cikin ɗari na waɗannan ana yin su ne jirgi bai wuce not 80 ba, inda tsayawar ba ta da wata wahala. Kashi 2 kacal ne ake yi sama da not 120, kuma daga cikin waɗannan 'yan kaɗan ne yawancin haɗurran ke fitowa.

Idan ƙararrawa ta buga, ai tsayawa ita ce ta fi aminci. Me ya sa wani lokaci ake ci gaba?

Domin tsayawar ma tana da nata haɗarin, kuma haɗarin yana ƙaruwa da kowace daƙiƙa. Ƙarfin da birki zai shanye ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka biyu, aikin birki ya ninka huɗu. Jirgin da ke not 140 yana buƙatar birki ya shanye fiye da ninki uku na abin da zai shanye a not 80, ga shi kuma titin da ya rage a gaba ya ragu sosai. A wannan gudun jirgi yana cin mita 72 a daƙiƙa guda. Jinkirin daƙiƙa biyu ya fi tsawon filin ƙwallo.

Saboda haka aka raba gudun tashi gida biyu. Kamfanin Boeing ya sa iyakar a not 80, Airbus kuma a not 100. A ƙasa da iyakar, kusan duk abin da bai kwanta wa matuƙi a rai ba ya isa dalilin tsayawa: fitilar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, wata ƙara ko girgiza da ba a saba ba, taya da ta fashe, tagar ɗakin tuƙi da ta buɗe, jirgi da ke jan ƙafa wajen ɗaukar gudu, ko ƙararrawar da ke cewa ba a saita jirgin don tashi ba. Da zarar an haye iyakar, jerin dalilan ya tsuke. A tsarin Boeing abu huɗu ne suka rage: gobara ko ƙararrawar gobara, mutuwar inji, gargaɗin cewa akwai iska mai juyawa farat ɗaya a gaba, da kuma tabbacin cewa jirgin ba zai iya tashi lafiya ba. Janareta ɗaya ya mutu, ko fitilar ƙofar ɗakin kaya ta kama, ko na'urar sanyaya ciki ta tsaya, duk waɗannan ana tashi da su, a duba su a sama, in ta kama a dawo a sauka da cikakken titi a gaba.

Iskar nan mai juyawa ba baƙuwa ba ce ga mutanen arewa. Irinta ce jirgin kamfanin ADC ya faɗa ciki jim kaɗan da tashinsa daga Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, haɗarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki.

Mece ce V1 da ake yawan ambata?

Gudu ne da ake lissafawa kafin kowane tashi, kuma shi ne iyakar ƙarshe ta fara tsayawa. A lura da kalmar "fara". Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne ɗaukar V1 a matsayin lokacin da matuƙi zai yi tunani. A'a, kafin allurar gudu ta kai V1 ya kamata a ce an gama tunanin, hannu ya riga ya ja totur baya ko ƙafa ta hau birki. In ta kai ba a fara komai ba, tashi ya zama dole. Shi ya sa da an kira V1 kyaftin ke ɗauke hannunsa daga kan totur gaba ɗaya, don kada firgici ya sa ya ja shi.

Lissafin yana tabbatar da abu biyu a lokaci guda. Na farko, idan aka fara tsayawa a V1 jirgi zai tsaya kafin ƙarshen titi. Na biyu, idan inji ɗaya ya mutu dab da V1 aka ci gaba, sauran ƙarfin zai ɗaga jirgin ya kai tsayin ƙafa 35, wato kusan mita 11, a ƙarshen titin. Bayan V1 akwai VR, gudun da ake ɗaga hancin jirgi, sai V2, gudun da jirgi ke hawa lafiya da inji ɗaya.

V1 ba lamba ɗaya ba ce kullum. Tana sauyawa da nauyin jirgi, tsawon titi, zafin rana, tsayin filin daga teku, iska, da ko titin a jiƙe yake. Kuma ingancinta bai wuce ingancin alƙaluman da aka shigar ba. Ranar 20 ga Maris 2009 a Melbon ta Ostireliya, matuƙan wani Airbus A340 na Emirates sun shigar da nauyin da ya gaza na gaskiya da tan 100. Kwamfuta ta ba su ƙaramin ƙarfin inji da ƙananan lambobin gudu, jelar jirgin ta gogi titi, da ƙyar ya tashi bayan ya wuce ƙarshen kwalta.

Wa ke yanke hukunci, kuma me ake yi daki-daki?

A yawancin kamfanoni kyaftin ne kaɗai, ko da mataimakinsa ne ke tuƙi a wannan tafiyar. Aikin mataimaki shi ne ya faɗi abin da ya gani da babbar murya, a taƙaice. Kuma tun jirgi yana tsaye suke bitar wannan da baki: a ƙasa da gudu kaza za mu tsaya kan kaza, a sama da shi sai kaza da kaza. Hukuncin da fasinja ke gani kamar an yanke shi cikin ƙiftawar ido, tun kafin a rufe ƙofa aka tsara shi.

Kyaftin yana furta kalma ɗaya, "Reject" a jiragen Boeing, "Stop" a na Airbus. A lokaci guda yana jan totur baya har ƙarshe, ya cire na'urar da ke sarrafa totur da kanta, ya tabbatar birki mai kama kansa ya kama da cikakken ƙarfi, in bai kama ba ya taka da ƙafa. A Boeing 737 wannan birkin yana shiga ne in gudu ya haura not 90, a dangin Airbus A320 kuma not 72. Daga nan sai allunan da ke saman fukafukai su miƙe tsaye. Amfaninsu ya fi yadda ake zato: a babban gudu fiffike ya riga ya ɗauke wani kaso na nauyin jirgin daga kan tayoyi, kuma tayar da ba a danne ta ba birkinta ba ya kamawa. Allunan ne ke kashe ɗagawar su maido da nauyin ƙasa. Sai a sa injina ribas, su riƙa tura iska gaba.

Mataimaki yana bin kowane mataki da ido yana faɗa: alluna sun tashi, ribas ya kama, gudu yana raguwa. Shi ne kuma ke sanar da hasumiya cewa sun tsaya, a turo 'yan kwana-kwana in da buƙata. Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne sassauta birki da wuri don tausaya wa fasinjoji, ko mantawa da allunan. Mitocin da aka yi asara a farkon tsayawa ba sa dawowa.

Ƙararrawa tana iya yin ƙarya?

Tana iya yi. Ranar 30 ga Yuli 1992 a filin JFK na Niyok, wani jirgin TWA ƙirar L-1011 ya ɗaga daga ƙasa ke nan sai sandar tuƙi ta fara karkarwa, alamar cewa fukafukai na shirin daina ɗaukar jirgin. Na'urar auna kusurwar iska ce ta lalace, jirgin lafiyarsa ƙalau. Kyaftin ya mayar da shi ƙasa da ƙarfi, fiffiken dama ya tsage, mai ya zuba, wuta ta kama. Mutum 292 da ke ciki duka sun fita da ransu, amma jirgin ya ƙone.

Don rage irin wannan ruɗani ne jiragen zamani ke toshe bakin ƙananan gargaɗi a lokacin tashi. A Airbus, daga not 80 har jirgi ya kai tsayin ƙafa 1,500 kwamfuta tana riƙe saƙonnin da ba na gaggawa ba, sai daga baya ta nuna su. Wanda duk ya ratso wannan shingen ya bayyana, to babba ne. Ƙa'idar launi kuma ɗaya ce ko'ina: ja yana nufin a yi wani abu yanzu, ruwan ɗorawa yana nufin a sani, a duba in an samu sarari. Ƙararrawar gobara dai ba a tsayawa tantance gaskiyarta kafin V1. A tsaya tukuna, in ƙarya ce an yi asarar lokaci kawai.

Me ke faruwa idan aka yi biris da gargaɗi tun farkon gudu?

Misali mafi ciwo a Najeriya shi ne na ranar 3 ga Oktoba 2013 a Legas. Jirgin Associated Aviation ƙirar Embraer 120 zai tafi Akure da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu. Tun da aka ba injina wuta muryar gargaɗi ta fara kira cewa ba a saita jirgin yadda ya dace da tashi ba. Aka ci gaba. Jirgin yana jan ƙafa, mataimaki ya nuna damuwarsa, duk da haka aka ɗaga shi, ya faɗo a kusa da filin. Akasarin mutum 20 da ke ciki sun rasu. Wannan gargaɗi ne da ya zo a lokacin da tsayawa ba ta buƙatar komai sai jan totur baya da taka birki a hankali.

Ƙararrawar saitin tashi tana duba abubuwa ƙalilan: ko an sauke faifan bayan fiffike da ake kira filaf, ko saitin jela yana inda ya kamata, ko an saki birkin ajiya, ko allunan saman fiffike a kwance suke. Tana bugawa ne da an tura totur gaba, jirgi bai yi nisa ba. Babu wani uzuri na wuce ta. Inda ta ƙi bugawa ma an ga sakamakon: ranar 20 ga Agusta 2008 a Madrid, jirgin Spanair ƙirar MD-82 ya yi yunƙurin tashi ba a sauke filaf ba, ƙararrawar ba ta yi aiki ba, mutum 154 suka mutu.

Idan taya ta fashe fa?

Nan ne kunne ke yaudarar matuƙi, domin ƙarar fashewar taya da girgizarta suna kama da na injin da ya lalace. A ƙaramin gudu amsar tsayawa ce. Kusa da V1 kuwa amsar ta juya, saboda tayar da ta fashe ba ta da birki, alhali lissafin tsayawa an yi shi ne da dukkan birkuna suna aiki. Injina kuma lafiyarsu lau, jirgin zai tashi ba matsala. Shawarar Airbus ita ce daga not 20 kafin V1 a ci gaba, matuƙar ɓarɓashin tayar bai taɓa inji ba, a rage mai a sama, a dawo a sauka. Ranar 13 ga Satumba 1982 a Malaga ta Sifen, matuƙin DC-10 na Spantax ya fasa tashi bayan V1 saboda girgizar tayar gaba. Jirgin ya zarce titi, ya tsallaka babbar hanyar mota, ya kama da wuta, mutum 50 suka mutu.

Sai dai taya ba abin rainawa ba ce, kuma alhazan arewa sun san haka. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 mai ɗauke da alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato a madadin Nigeria Airways ya fara gudu da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. An lura da hakan kafin tafiya, amma aka saki jirgin don kada a makara. Tayoyi biyu na hagu suka fashe a kan titi, ƙarfen ƙafafun ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Babu na'urar da za ta nuna wa matuƙan wannan wutar. Suka tashi, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgin da wutar a jikinsu. Duka mutum 261 suka rasu. Daga nan ne ake jaddada cewa idan ana zargin taya ta fashe, kada a yi gaggawar naɗe ƙafafu, kuma a auna iskar taya da ma'auni, domin ido ba ya gane tayar jirgi da ta ragu.

Ke nan ba a taɓa tsayawa bayan V1?

Sharaɗi ɗaya ne: jirgin ya ƙi tashi. Ranar 8 ga Maris 2017 a jihar Mishigan ta Amurka, kyaftin na wani MD-83 na Ameristar ya ja sandar tuƙi a gudun da ya kamata, hancin jirgin ya ƙi ɗagawa. Iska mai ƙarfi ta maƙale ɗaya daga cikin faifan jela tun jirgin yana ajiye, kuma binciken da matuƙa ke yi kafin tashi ba ya iya gano hakan. Ya fasa tashi bayan V1, jirgin ya zarce titi ya fasa shinge, mutum 116 da ke ciki duka suka tsira. Masu bincike sun ce hukuncinsa daidai ne. Amma a nazarin da aka ambata a sama, cikin haɗurra da manyan aukuwa 74 na fasa tashi tsakanin 1959 da 1990, kashi 58 cikin ɗari an fara tsayawar ne bayan V1, kuma da yawansu jiragen za su iya tashi lafiya.

Me ya sa ƙafafun jirgi ke hayaƙi, tayoyi su sace bayan an tsaya?

Duk gudun da jirgi ya tara, birki ne ke mayar da shi zafi. A tsayawa mafi tsanani faifan birki na iya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, har ya yi ja. Zafin yana ratsawa zuwa ƙarfen ƙafa a hankali, shi ya sa haɗarin ya fi yawa mintuna bayan tsayawa. Tayar babban jirgi tana ɗauke da iskar naitirojin mai matsin kusan fam 200 a kan kowane murabba'in inci, kuma fashewarta na iya kisa. Don haka aka dasa wasu ƙananan toshe a jikin ƙarfen, waɗanda ke narkewa da zafi su saki iskar a hankali. Taya da ta sace bayan irin wannan tsayawa alama ce cewa kariyar ta yi aikinta. 'Yan kwana-kwana kuma suna tunkarar ƙafar daga gaba ko daga baya, ba ta gefe ba, domin ta gefe ɓarɓashi ke tashi.

Kafin a ba sabon samfurin jirgi lasisi sai an gwada wannan a zahiri: cikakken nauyi, birkin da ya kusa cinyewa, babu ribas, sannan a bar jirgin minti biyar ba wanda ya zuba masa ruwa, a ga cewa wutar ba ta kai yadda za ta hana fitar da mutane ba.

An tsaya. Me ya sa ba a buɗe ƙofofi nan take?

Domin fitar gaggawa ita ma tana jikkata mutane, kuma injin da ke aiki yana iya zuƙe mutum ta gaba ko ya wurgar da shi ta baya. Kyaftin yana ɗaure birki, ya umarci ma'aikatan ciki su tsaya a bakin ƙofofinsu, ya tantance abin da ya faru, ya kashe injina, sannan ya ce a fita ko a zauna. A Chicago ranar 28 ga Oktoba 2016, injin dama na Boeing 767 na American Airlines ya tarwatse a not 128, V1 kuwa 134 ce. An tsaya lafiya, amma aka fara fita injin hagu bai mutu ba, iskarsa ta kayar da wani fasinja ya ji mummunan rauni.

Wurin tsayawa ma yana da muhimmanci. A Manchesta ranar 22 ga Agusta 1985, matuƙan Boeing 737 na British Airtours sun ji ƙara suka zaci taya ce, suka tsaya, suka karkata jirgin don su bar titi. Ashe injin hagu ne ya fashe ya huda tankin mai. Karkatawar ta sa iska ta riƙa kaɗa wutar zuwa jikin jirgin, mutum 55 suka mutu, yawancinsu da hayaƙi. Tun daga lokacin koyarwar ita ce, idan ana zargin wuta a tsaya a kan titin, a lura da inda iska ke kaɗawa, sauran jirage su jira.

Abin da ke kan fasinja kaɗan ne amma yana da nauyi: bel a ɗaure, takalmi a ƙafa, a san ƙofa mafi kusa tun kafin tashi, kuma in an ce a fita a bar jaka. An tsara jirgi ne a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa, kuma akwati ɗaya a tsakiyar hanya ya isa ya rushe wannan lissafi.

Zafi da damina suna sauya lissafin?

Ƙwarai. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, iska tana yin sako-sako, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike kuma yana buƙatar ƙarin gudu. Jirgi yana cin titi mai yawa kafin ya kai V1, abin da ya rage na tsayawa ya ragu. Maganin shi ne rage nauyi, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa a bar wasu kaya a ƙasa ko a jira yamma. Da damina kuwa ruwa yana shiga tsakanin taya da kwalta, musamman a ƙarshen titi inda robar tayoyin jiragen da ke sauka ta taru ta yi santsi. A jiƙaƙƙen titi ana rage V1 don a bar wa birki ƙarin wuri.

Jirgin zai iya sake gwada tashi nan da nan?

Ya danganta da gudun da aka tsaya da kuma dalilin. In a ƙaramin gudu ne, kuma matsalar ta saiti ce da aka gano aka gyara, ana iya komawa farkon titi bayan an duba zafin birki da yawan man da ya rage. In a babban gudu ne, sai an koma wurin ajiya. Akwai jadawalin da ke nuna tsawon lokacin da birki zai huce gwargwadon nauyi da gudu, yana iya kaiwa awa guda ko fiye, domin birki mai zafi ba zai iya tsayawa ta biyu ba. Injiniyoyi za su duba tayoyi da birkuna, su canza duk ƙafar da toshenta ya narke, su nemo abin da ya tayar da ƙararrawar, su sa hannu a littafin jirgi. Matuƙan za su rubuta rahoto, a kuma sauke bayanan na'urar naɗar tafiya a duba daƙiƙa nawa suka wuce tsakanin bugawar ƙararrawa da jan totur baya.